Haɗa leda da narkakkiyar roba: wane kaya ya dace da shi, wane ne gam ya fi masa

Mai garin citta daga Kafanchan, mai yaji a Tudun Wada, mai buhunan abincin kaji a hanyar Abuja, kusan duk da magana ɗaya suke isa wurin masu buga leda: a yi musu mai kauri. Ledar masana'anta kuwa, irin ta madarar gari ko biskit ko omo, fallaye biyu ne zuwa biyar aka manne wuri ɗaya, kowanne da aikinsa, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a mahaɗin fallayen nan take faruwa. Leda mai kauri sosai na iya ɓarewa tun kaya ba su bar sito ba, idan abin da aka haɗa ta da shi bai jitu da abin da aka zuba a ciki ba.

Fallen waje shi ke ɗaukar zane da rubutu, shi ne kuma ke jure zafin ƙarfen liƙi ba tare da ya narke ba. Yawanci ledar foliyesta ce, PET, mai kaurin maikiron 12 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ko ledar robar foliyfurofilin, PP, da aka ja ta miƙe, wato BOPP, mai 20, ko takarda. A kan leda, a juye ake buga rubutun ta ciki, domin tawada ta zauna a rufe tsakanin fallaye, hannu ba ya goge ta, ba ta kuma taɓa abinci. Na tsakiya shi ke tare iska da laima da haske: fallen alminiyum mai maikiron 7 zuwa 9, ko ledar nan mai ƙyalli da aka yi wa feshin ƙarfe. Na ciki foliyetilin ne, PE, wanda ke narkewa ya liƙe bakin sacet.

Hanyoyi biyu ake bi a manne su. Ta farko gam ne na foliyuretan, ana shafa kimanin giram 1.5 zuwa 4 a kowace murabba'in mita, a naɗe, a ajiye kwanaki har gam ɗin ya nuna. Ta biyu, wadda masu sana'ar ke kira ekstirushan, babu gam a cikinta: roba ake narkarwa a kwarara ta tsakanin fallaye biyu, a matse, a sanyaya nan take. Robar ita ce mannin, kuma ita kanta ta zama falle mai zaman kansa a jikin ledar.

Abin da ke gudana a cikin injin

Ana zuba ƙwayoyin LDPE, wato nau'in PE mai laushi, ta mazurari, wani dogon sukuru da ke juyawa cikin bututu mai zafi ya narkar da su ya tura gaba, su bi ta rariyar ƙarfe mai tace datti, su isa bakin injin. Bakin nan dogo ne, faɗin ledar gaba ɗaya, da siririyar tsaga da ba ta kai milimita ɗaya ba. Ta nan roba ke saukowa a shimfiɗe, abin da ake kira labule, da zafin digiri 300 zuwa 325 a ma'aunin Salshiyas. A ƙasa rola biyu ke jira, ɗaya ta ƙarfe wadda ruwan sanyi ke zagayawa a cikinta a kan digiri 15 zuwa 20, ɗaya mai rigar roba da ke danna ta. Falle ɗaya ya shigo ta dama, ɗaya ta hagu, labulen ya faɗa tsakaninsu, kafin ƙiftawar ido ya daskare.

LDPE a wajen digiri 110 take narkewa, don haka dole a tambaya me ya sa ake kai ta kusan ninki uku na hakan. Dalilin shi ne foliyetilin ba ya son kama komai. Sai fuskarsa ta sha iskar oksijin tana da zafi sosai sannan take samun abin da za ta riƙe alminiyum ko leda da shi. Wannan shan iskar a ɗan ratar da ke tsakanin bakin inji da rola yake faruwa, rata mai tsawon santimita 15 zuwa 30, kuma abin da aka saba nema shi ne robar ta ɗauki kashi 80 zuwa 120 cikin dubu na daƙiƙa a wurin. Lissafin ba wuya. Inji mai gudun mita 150 a minti yana cin mita biyu da rabi a daƙiƙa, rata mai santimita 20 ta ba shi kashi 80 daidai. Idan mai kula da injin ya ninka gudu zuwa mita 300 don ya gama aiki da wuri, bai ɗaga bakin inji ba, bai ƙara zafi ba, bai hura wa labulen iskar ozon mai ƙara masa riƙo ba, lokacin ya koma 40. Ledar za ta fito fes a ido, amma riƙon ya tafi.

Idan kuma aka zarce ta ɗaya ɓangaren, zafi ya yi yawa ko roba ta daɗe a bututu, sai ta soma ƙonewa ta bar wani wari irin na kyandir a cikin leda. Madarar gari, ganyen shayi, garin kunu da duk wani abu mai maiƙo suna zuƙe warin nan, mai saye ya ce kaya sun lalace alhali ledar ce. Aikin kamar suyar ƙosai yake, mai bai yi zafi ba ƙosai ya sha mai, ya wuce kima waje ya ƙone.

Ba kowace LDPE ke wannan aiki ba. Wadda ake hura ledar cefane da ita ta yi kauri idan ta narke, ba ta jawuwa ta yi siriri a irin wannan gudu, yagewa take yi. Ana neman mai ma'aunin kwarara, wato saurin gudanarta idan ta narke, tsakanin 4 da 8, wadda sarƙoƙin sinadarinta ke da dogayen rassa, domin su ke hana labulen tsukewa ta gefe. Tsukewar nan kuɗi ce: gefen labule yana yin kauri, dole a datse shi a zubar, kuma idan ta yi yawa bakin ledar ya fito babu roba. LLDPE, wani nau'in PE marar dogayen rassan nan, idan tsantsa ce tana tsukewa ƙwarai, shi ya sa sai dai a gauraya ta kaɗan. Masana'antar Indorama da ke Eleme a jihar Ribas tana yin HDPE, wato PE mai tauri, da LLDPE da PP, amma LDPE ta wannan aiki daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Nan ne jarabawar take ga mai buga leda, ya cusa roba mai araha ko wadda aka sake narkarwa. Alamarta ƙananan ƙulalai masu tauri a jikin leda, da huji inda ƙululun ya yaga labule.

Kowane falle da yadda yake karɓar roba

Takarda ce mafi sauƙi, domin narkakkiyar roba na kutsawa cikin zaruruwanta ta riƙe. Idan haɗin ya yi, in ka ɓare sai takardar ta yage ta bar zare a jikin roba. Matsalarta ɗaya, laima. Takardar da ta kwana a sito mai danshi tana haɗuwa da roba mai digiri 300 sai ruwan cikinta ya zama tururi, ya tayar da ƙuraje da ƙananan huji.

PET da BOPP fuskarsu sumul take, ba inda roba za ta kama. Ana fara bi da su ta ƙarƙashin tartsatsin lantarki da ake kira korona, sannan a shafa firaima siririya, wato shafen da ke taimaka wa roba ta kama, galibi ta sinadarin PEI mai ruwa, a busar kafin su isa rola. Ƙarfin korona ana auna shi da alƙalamin gwaji a ma'aunin da ake kira dayin, kuma ga BOPP da PE ba a son ya gaza 38. Abin da mutane ke mantawa shi ne wannan ƙarfin yana raguwa da zama, musamman a ledar da aka sa wa sinadarin santsi, wanda ke tasowa sama a hankali ya rufe fuska. Naɗin da ya yi watanni a ajiye sai an sake yi masa korona a kan injin. Tawada ma tana da nata: inda aka buga fari ko kala mai nauyi, riƙo kan fi rauni a can, don haka gwajin ɓarewa a kan wurin zane ake yi, a kuma yi a wurin da babu zane.

Alminiyum ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan masu kayan yaji ke shiga uku. LDPE zalla tana riƙe shi sosai matuƙar abin da ke ciki busasshe ne marar ƙarfi, kamar sukari ko madarar gari. Citta kuwa tana da mai mai ƙamshi, haka kanumfari da masoro da barkono, haka turaren da ake sa wa omo da sabulun ruwa. Waɗannan mayuka, da duk wani abu mai tsami, suna ratsa PE a hankali su taru a fuskar alminiyum su kwance riƙon. A makon farko babu abin da za a gani. Bayan wasu makonni cikin zafin shago sai fallen ciki ya saki, sacet ya yi jaka biyu, ɗaya cikin ɗaya, liƙin baki ya rasa abin da ke tallafe shi, a matsa kaɗan ya fashe. Maganin shi ne roba mai ɗauke da asid a jikin sarƙarta, EAA, ko ayonoma irin Surlyn, wadda DuPont ta ƙirƙiro, yanzu tana hannun Dow. Su suna ƙulla alaƙa ta sinadari da fuskar ƙarfen, ba sa jiran shan iska kamar LDPE, kuma a zafi ƙasa da nata ake sarrafa su. Suna da tsada, shi ya sa injin da ke fitar da roba iri biyu ta baki ɗaya ya fi amfani: a sa siririn EAA ta ɓangaren alminiyum, a cika sauran da LDPE. Duk mai citta ko yaji da aka ba shi farashi mai sauƙi fiye da na kowa, tambayar farko da zai yi ita ce wace roba ce ke jingine da alminiyum ta ciki.

Ledar feshin ƙarfe tana da wata lalura daban. Ƙarfen da ke kanta bai kai ko kusa da maikiron ɗaya ba, zafin labule da jan inji na iya tsattsaga shi. Ana ɗaga ledar a gaban fitila sai a ga siraran layuka na haske, kuma ta nan iska ke shiga gyaɗa da cincin su yi warin tsohon mai.

To me ake samu a wannan hanya da ya sa ake zaɓarta? Na farko jiki. Giram 15 na LDPE a murabba'in mita daidai yake da maikiron 16, yayin da gam bai fi 2 ko 3 ba. Wannan ƙarin yana sa leda ta tsaya da kyau a injin cika kaya, ta jure tsini da jifa, ya kuma zame wa alminiyum matashi. Siririn alminiyum yana zuwa da ƙananan huji tun daga masana'anta, yana kuma tsagewa a wurin lanƙwasa, roba a gefensa biyu tana toshe hujin ta rage tsagewar. Ga kayan da za su sha girgiza daga Kakuri zuwa Maiduguri ko Sakkwato, a sauke a tasha a ɗora a Keke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu lokaci: da ledar ta sauka daga inji ana iya yankawa a aika, babu jiran kwanakin nunar gam. Na uku tsabta, domin babu ragowar ruwan tsinka gam da zai bar wari, babu kuma haɗarin da ke tattare da gam ɗin da bai gama nuna ba, wanda kan saki sinadarai cikin abinci idan aka yi gaggawar cika kaya. Kwalin madara da lemo na Tetra Pak ta wannan hanya ake haɗa shi, kwali da PE da alminiyum da PE.

Akwai wuraren da ba ta shiga. Abincin da ake dafawa a cikin ledarsa a tukunyar matsi, a digiri 121, ya wuce inda LDPE ke narkewa, wannan aikin gam ne da fallen ciki na PP. Tumatirin leda mai tsami da ake zubawa da zafi, da shamfu, galibi gam na musamman ya fi riƙe su. Leda mai taga da ake so a ga kilishi ko dabino tar a ciki ta fi fitowa garau da gam. Sai kuma ƙaramin aiki: kafin zafi ya daidaita, kaurin roba ya zauna daga gefe zuwa gefe, injin ya riga ya cinye kaya masu yawa, kuma wannan asarar a kan mai oda take komawa. Mai gwada kasuwa da ɗan kaya kaɗan gara ya fara da jakunkunan da aka riga aka yi ya manna takardar suna.

A kilo ake sayar da leda, amma ɗan kasuwa sacet yake ƙirgawa, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Ɗauki tsari mai PET 12, tawada, roba giram 15, alminiyum 7, wata robar giram 15, da fallen PE mai maikiron 40. Nauyinsu a murabba'in mita: 16.8 da 2 da 15 da 18.9 da 15 da 36.8, jimilla kusan giram 104 da rabi. Kilo ɗaya ya ba da murabba'in mita 9.6, idan sacet ɗin santimita 10 ne da 14, gaba da baya, za a samu wajen 340. Irin wannan tsari da gam, giram 2.5 sau biyu da fallen PE mai maikiron 50, nauyinsa bai kai giram 89 ba, sacet wajen 400 ke nan a kilo. Saboda haka ledar roba na iya fin araha a kilo amma ta fi tsada a sacet. Inda take rama wa shi ne idan aka bar robar ta yi aiki biyu: injin mai tasha biyu yana manne PET da alminiyum a tashar farko, a ta biyu ya zuba giram 30 zuwa 40 na roba kai tsaye a matsayin fallen liƙi, ba a sayi fallen PE daban ba sam.

Buhu

A buhun shinkafa, taki da abincin kaji mai hoto mai sheƙi, zaɓi ma bai taso ba, wannan hanyar ce ake bi, domin gam ba ya cike ramukan saƙa. Ana buga BOPP a juye, a manne shi da saƙaƙƙen PP da narkakkiyar PP da aka gauraya da LDPE kaɗan, a zafi ƙasa da na LDPE zalla. Zaren buhu jansa aka yi ya miƙe kafin ya yi ƙarfi, zafi mai yawa na sa ya tsuke ya yi rauni, buhu ya fito da kyau ya fashe a faɗuwar farko daga tirela. Wasu kuma suna cika alli a cikin robar don rage kuɗi, hoton ya riƙa ɓarewa da farce.

Buhun da aka rufe da leda ba ya numfashi. Taki irin yuriya, mai zuƙar laima ya dunƙule, yana son haka, ko da yake ramukan ɗinki kan sa a ƙara masa leda ta ciki. Masara ko shinkafar da laimarta ta haura kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari kuwa, rufe ta a irin wannan buhu gayyatar fumfuna ne, sai an busar sosai ko a yi wa buhun ƙananan huji na shan iska. Ga santsi: buhu mai sheƙi idan aka jera shi sama yana zamewa, don haka a nemi BOPP marar sheƙi ko wanda aka yi wa maganin santsi. Wanda kayansa za su zauna a rana a Kasuwar Kawo ko gaban shago ya rubuta a odarsa cewa a sa wa zaren sinadarin kariya daga hasken rana, in ba haka ba saƙar ta rududduge.

Yanayin Kaduna yana taɓa aikin ta fuska biyu. A tsakiyar damina, Yuli zuwa Satumba, rolar sanyi kan yi raɓa idan an sauke ruwanta ƙasa da kima, digon ruwan ya bar tabo a leda. Naɗin takarda da alminiyum kuma dole su zauna a rufe a kan katako, ba a ƙasa ba. Da hunturu iska ta bushe, leda na tara lantarki tana jawo ƙura, kuma a injin cika kaya gari na manne wa bakin sacet ya hana liƙi kamawa. Fallen ciki mai nau'in LLDPE da ake kira metalosin, ko ayonoma, ya fi iya liƙewa ta cikin gari da maiƙo. Sai wutar lantarki. In ta ɗauke ana tsakar aiki, robar da ke bututu ta tsaya tana dahuwa, idan aka tayar ba a wanke bututun da sabuwar roba sosai ba, baƙaƙen ɗigo da wari za su bi mitoci masu yawa. Yana da kyau mai oda ya san ko masana'antar na da wutar da ba ta yankewa a wannan layin.

Yawancin manyan masu wannan aiki suna Legas da Ogun da Kano, mai kaya a Kaduna ba ya tsaye a kansu, don haka takardar oda ce idonsa. A rubuta kowane falle da sunansa da kaurinsa a jere daga waje zuwa ciki, da giram na robar haɗi da irinta, da ƙarfin riƙo da na liƙi a ma'aunin niyuton a kan tsiri mai faɗin milimita 15, a kuma faɗa wa mai bugawa ainihin abin da za a zuba. "Alhaji, garin abinci ne kawai" ba bayani ba ne, idan garin nan rabinsa citta ce da kanumfari.

Kafin a biya kuɗin silindar buga zane da oda gaba ɗaya, a karɓi samfur a gwada, kuma yawancin gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. A yanka murabba'i mai santimita 10 da 10 a ɗora a ƙaramin sikeli mai auna ɗigon giram, a ninka da ɗari, nauyin murabba'in mita ke nan, a gwama da abin da aka rubuta. A yanka tsiri a ɓare fallayen da hannu daga gefen naɗi biyu da tsakiyarsa, domin kaurin roba kan bambanta a faɗi. A cusa guntun leda a kwalbar gilashi mai tsabta, a rufe, a bar ta a wuri mai ɗumi ta kwana, a buɗe a shinshina. A liƙe sacet da iska a ciki a danna shi ƙarƙashin ruwa a duba kumfa. Wanda ya fi duka muhimmanci shi ne mai cin lokaci: a cika sacet da ainihin kayan, a liƙe da injin da za a yi aiki da shi, a ajiye a zafin digiri 40 na mako uku zuwa huɗu, sannan a yanka a ja fallen ciki. In ya saki alminiyum cikin sauƙi, ko ƙarfen ya yi dishi-dishi, a koma a canja robar haɗi zuwa EAA ko ayonoma, ko a koma gam, a sake gwajin daga farko kafin a buga lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin ledar.